Dokin da Aka Koya wa Tsayawa, Yaya Zai Koyi Tsalle?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san lokacin da gaban 'yan kallo ke faɗuwa. Mahaya huɗu ko biyar su jeru, su sako dawaki a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo dab da sarki su ja linzami lokaci guda. Dawakin su zame a kan ƙafafun baya, su tsaya cak, mahaya su yi jinjina. Wannan shi ne jafi, kuma da shi ake auna gwanin hawa tun daga Katsina har Kontagora. To, ɗauki ɗaya daga cikin dawakin nan, wanda ya fi sauran zafi, ka kai shi bayan gari, ka gindaya masa gungumen da bai wuce gwiwar mutum ba, ka ce ya tsallake. Sau da yawa zai je dab da shi ya turje, ko ya kauce, ko ya fara tutsu. Mai shi zai ce doki ya yi gardama. Alhali karatun da aka biya masa tun yana duƙushi yake maimaitawa: in ka ga abu a gabanka, ka kuma ji ƙarfe a bakinka, tsaya.

Abin da ya sa na tayar da zancen shi ne waya. Yau saurayin da ke kilisa a Dukku, ta ƙaramar hukumar Rijau a masarautar Kontagora nake nufi ba ta Gombe ba, yana iya kallon Bature a wayarsa a kan doki yana ƙetare katanga ya faɗa ruwa, ya fito ya haye tudu. Sha'awa ta kama shi, ya ce ai nawa ma zai iya. Zai iya ɗin, amma ba da irin hannun da ya saba ba.

Wasan da yake gani gasa ce mai gwaji uku, doki ɗaya da mahayi ɗaya daga farko har ƙarshe. Faransawa na kiranta gasar da ta haɗa komai. Gwajin farko na ladabi ne: a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa a hankali, ya juya, ya tsaya daidai inda aka tsara, alƙalai suna duba ko yana bin umarni ba tare da an yi kokawa da shi ba. Na biyu shi ne ratsa daji, wanda ya fi jan 'yan kallo, ya kuma fi haɗari. A mataki mafi girma ana gudun fiye da kilomita 6, a kan saurin mita 570 a minti ɗaya, wato kusan kilomita 34 a awa, ana tsallake shinge har kusan 45: gungume, rami, gangara, ruwa. Tsayin mai ƙwari a cikinsu yana kaiwa mita 1.20, kuma ba irin wanda ke faɗuwa da zarar an taɓa shi ba ne. Na uku, washegari, bayan likitocin dabbobi sun sa an yi sassarfa da dokin a gabansu sun tabbatar ba ya ɗingishi, shi ne tsallake sanduna a fili, masu kaiwa mita 1.30, waɗanda kofato na shafarsu suke zubewa. Makin laifi ake tarawa, mai mafi ƙaranci shi ke cinyewa. Sanda ɗaya ta faɗi, maki 4. Doki ya turje a daji, maki 20, in ya yi sau uku an fitar da shi. Kowace daƙiƙa da aka ƙara a kan lokaci, maki 0.4. Mahayi ya faɗo, gasarsa ta ƙare nan take.

Asalin abin na soja ne. Rundunonin dawaki na Turai ne suka ƙirƙiro shi don gwada dokin hafsa: yana da biyayya a fareti, yana da zuciya a daji, kuma gobe zai iya tashi ya sake aiki? Da aka shigar da shi gasar Olamfik a birnin Sitokhom a 1912, hafsoshin soja kaɗai aka yarda su hau. Mace ba ta shiga wannan gasa a Olamfik ba sai a Tokiyo a 1964. Yanzu kuwa maza da mata tare suke karawa, ba a ware kowa.

Mu ma ai dokinmu daga fagen fama ya fito, sai dai yaƙin ya bambanta. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙarfin dawaki ya kafa Kontagora a 1864, haka ɗansa Ibrahim ya riƙe ƙasar har Turawa suka ci garin a farkon 1901. Dokin da barde ke buƙata a wancan zamani shi ne mai zabura nan take, ya tsaya nan take, ya juya a wuri ɗaya, domin hannu guda na riƙe da mashi ko takobi. Wanda aka lulluɓe da lifidi kuwa, ina shi ina tsalle? Mutanen da ke zaune a wannan yanki tun da can, Dukawa da Kambari da maƙwabtansu, sun san lagon mai doki sarai: dutse, kurmi, rami da shingen ƙaya. Abin da ya zama kariya daga mahaya jiya, shi ne ainihin abin da masu shirya gasa a Ingila ke kashe kuɗi su gina yau. Ƙasar Dukku da tuddanta da rafukanta, Allah ya riga ya shimfiɗa filin.

Kayan hawanmu duk don wancan aiki aka ƙera su. Linzamin gargajiya yana da harshe da ke tokare ganɗar doki, da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓarsa, ja kaɗan ya isa ya durƙusar da ingarma. Sirdin yana da tudu gaba da baya, ya riƙe mahayi kamar kujera. Likkafa mai faɗi ce, ana sakinta da tsawo. Babu abin kushewa a nan, kowane ya dace da aikinsa. Amma doki in zai yi tsalle, da wuyansa yake daidaita jikinsa. Yakan sunkuyar da kai ya auna shingen, ya tattara ƙafafun baya ya tunkuɗa, ya miƙa wuya gaba, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, sannan ya dira da ƙafar gaba ɗaya kafin ɗayar ta biyo. A daidai lokacin da ya tashi sama ba ya ma ganin shingen, domin idanunsa a gefe suke, abin da ke ƙarƙashin hancinsa a ɓoye yake gare shi. Da abin da ya gani tun daga nesa yake aiki, da kuma amanar da ya ba wanda ke bisa. In mahayi ya ji zai faɗi ya rataya da linzami a wannan lokaci, ƙarfe ya daki ganɗa, to doki ya koyi darasi guda: tsalle ciwo ne. Gobe ko da bulala ba zai je ba.

Kada mu ɗauka Turawa da wannan sani aka haife su. Har ƙarshen ƙarni na 19 su ma jingina baya suke yi a kan shinge, suna ja da baki, wai suna taimakon doki. Wani hafsan sojan Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya tsaya ya lura da yadda doki ke tsalle in babu kowa a kansa. Sai ya gajarta likkafa, ya sa mahayi ya ɗaga daga sirdi ya karkata gaba, hannu ya bi bakin doki maimakon ya tare shi. Rundunonin ƙasashe suka riƙa aika hafsoshinsu Italiya koyo. Bayan shekara arba'in da 'yan kai, a ranar 5 ga Fabrairun 1949, wani kyaftin na ƙasar Cile, Alberto Larraguibel, ya tsallake mita 2.47 a kan doki mai suna Huaso. Har yau ba a karya wannan ba.

Horon kansa ba ya son gaggawa, kuma a ƙasa yake farawa. A canja linzami zuwa mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya marar harshe, a sami sirdi shimfiɗaɗɗe irin na 'yan ƙwallon dawaki. Makonnin farko ba a zancen tsalle ma, sai dai doki ya yarda ya yi sassarfa a natse, ya daina jiran fizga. Daga nan a ajiye sanda ɗaya a ƙasa ya taka ya wuce. In ya saba, a jera uku ko huɗu, tsakaninsu kamar mita 1.2 zuwa 1.4 gwargwadon takunsa, ya koyi ɗaga ƙafa da kallon inda zai sa ta. Sai a gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu ƙasa-ƙasa, yadda da kansa zai nemi tsakiyar. Tsalle biyar ko shida masu kyau sun isa a rana, sau biyu a mako, a sauka tun yana marmari. Sauran kwanaki a kai shi hawan tudu da gangara a hankali, a shiga rafi marar zurfi mai ƙasa mai ƙwari, domin nan ne ƙarfin cinya da numfashi ke samuwa. Shi ma mahayin yana da nasa karatun: ya iya tsayawa a kan likkafa ana sassarfa ba tare da ya dafa linzami ba. In ya ji zai zame, ya kama gezar doki, geza ba ta jin zafi kamar baki.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a wajenmu, hawan duƙushi tun bai ƙosa ba. Ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida. Shi ya sa dokar gasar duniya ba ta karɓar doki a matakin farko sai ya shekara biyar, a mataki mafi girma kuwa sai takwas. Haka ƙasa: fako na tsakiyar rani yana cin gaɓoɓi, yashi mai zurfi yana jan jijiya. Farkon kaka, ƙasa da sauran danshi, shi ne lokacin da ya fi. Zafi ma abin lura ne. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021 da sassafe aka fara ratsa daji, aka kuma rage tsawon hanyar, ana gamawa ana kwarara wa dawaki ruwan sanyi. Mu da ke da watan Maris da Afrilu ba sai an faɗa mana ba.

Wani zai ce dawakinmu ƙanana ne. Gaskiya ne ba su kai na Jamus ko Ayalan tsayi da nauyi ba, amma wannan bai hana komai ba a ƙananan matakai. A Olamfik ta Meziko a 1968, wani ƙuru mai suna Stroller, tsayinsa kusan mita 1.45 a kafaɗa, ya ciyo wa Marion Coakes ta Birtaniya lambar azurfa a tsallen sanduna, a tsakiyar manyan dawaki. Ga namu kuma da juriyar zafi da ƙwarin kofato, abin da harawa da dusa da kanwa suka gina.

Shiga gasar duniya kuwa, nan ne linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, da aka kafa a 1921 take kuma zaune a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ba ta karɓar mutum kai tsaye, sai ta hannun hukumar ƙasarsa. Doki sai da fasfo, da 'yar ƙanƙanuwar na'urar shaida da ake dasawa a wuyansa, da tarihin allurar rigakafin murar dawaki. Ba a tsallake mataki, sai ka kammala na ƙasa da sakamako mai kyau a ba ka izinin na sama. Sannan ga babbar katanga, cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa, mai kashe yawancin dawakin da ba su da rigakafi. Saboda ita ƙasashen Turai ke tsananta shigar dawaki daga wannan nahiya. Afirka ta Kudu, duk da kuɗinta da likitocinta, ta shafe shekaru sai dawakinta sun yi zaman killacewa na kusan wata uku a tsibirin Morishas kafin su wuce. Shi ya sa 'yan Afirka da ke kaiwa can yawanci a Turai suke zaune da dawakinsu. Noor Slaoui 'yar Maroko, wadda ta hau a Olamfik ta Faris a 2024, a Ingila take horo. A waccan gasar, da aka yi a harabar fadar Versailles, Michael Jung na Jamus ya ɗauki zinarensa na uku na mutum ɗaya, Birtaniya ta ci na ƙungiya, Japan ta zo ta uku.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa a fara hangen Faris ba. Wasan baƙo ya taɓa shigowa ƙasar nan ya zauna daram. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi ƙwallon dawaki a farkon shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da har yau ake ambato, a Kaduna kuma tun 1919 ake buga kofin Georgian. Sarauta ce ta ɗauki abin, ta ba da fili da dawaki, 'yan barga suka koya. A Ingila ma matakin masu farawa santimita 80 ne kacal, babbar gasar Badminton kuwa a gonar wani basarake aka fara ta a 1949.

Na san halin da yankin Rijau ke ciki, inda 'yan bindiga a kan babura suka sa nisa da gari ya zama kasada. Ratsa daji na kilomita shida ba zancen yau ba ne. Amma fili ɗaya a gefen gari, kwana guda bayan hawan salla, ya isa. Shinge takwas na kara da buhunan ƙaiƙayi da sandunan gora, kada su wuce santimita 60. Kowane mahayi da hular kwano mai maɗauri, ba rawani ba. Malamin dabbobi a bakin fili, ya duba ƙafa kafin a shiga, ya buɗe baki bayan an fito. Dokin da aka ga jini a bakinsa, ko shi ya riga kowa, a soke sakamakonsa.