Mai Zanen Katun: Sana'ar Da Ta Yi Mana Ƙaranci

A gidaje da yawa na Zangon Kwatano, daga Tokpa-Hoho zuwa layukan da ke kewaye da babban masallaci, talabijin ɗaya ce amma iyayen gidanta biyu. Da rana ta yara ce. Da sun dawo daga makaranta sai su zube gabanta, kyanwar Tom and Jerry na bin ɓera, ko kuma wata gimbiya mai sihiri na zuba Faransanci ta tashoshin Canal+. Bayan sallar isha'i manya su karɓe rimot, a koma Arewa24 ko a jingine waya a kunna Gidan Badamasi, a sha dariyar 'ya'yan da ke zagaye da dukiyar tsohonsu tun yana raye. Dariyar manya da Hausa take fitowa, ta yara kuwa da Faransanci. Yaron da ke karatu da Faransanci, yake cinikin kasuwa da harshen Fon, Hausarsa ba ta da wurin zama sai tsakar gida, kuma can ɗin ma talabijin ta riga ta kama wuri.

Ba wai ba mu iya ban dariya ba ne. Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana riƙe da jama'a a rediyo da talabijin ta Kaduna da Samanja Mazan Fama. Ƙasimu Yero ya yi Karambana. Rabilu Musa Ibro, har ya rasu a Disambar 2014, ba a rasa faifansa a duk zangon da Bahaushe ya sauka. Wasan barkwanci na gida ɗaya yana da sauƙin haɗawa: a samu falo da tsakar gida, kyamara ɗaya ko biyu, da 'yan wasa masu baki, a kwana kaɗan an ɗauki fitowa guda. Ɗan wasa da kansa zai ɗaga gira, ya harari kishiya, ya yi tuntuɓe. Mai zanen katun ba shi da wannan gata. Duk ƙiftawar ido sai ya zana ta da hannunsa.

Fim na tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zane kan rage wa kansu wahala su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ya zama zane 12 ke nan a daƙiƙa. Minti ɗaya ya ci zane 720, labarin minti 10 ya ci 7,200. A aikin hannu irin na da, mai zane na zaune gaban teburi mai gilashi, fitila na ci a ƙarƙashinsa. Ya zana Gizo hannunsa a ƙasa, ya ɗora wata takardar a kai, hasken ya nuna masa zanen farko ta ciki, ya sake zana shi hannun ya ɗan ɗaga kaɗan. Ya ɗora ta uku, ta huɗu. Can sai ya kama gefen takardun da yatsu yana kaɗa su da sauri, ya ga ko hannun ya tashi sumul ko yana tsalle. In ya yi tsalle, a goge a sake. Kafin Gizo ya kai loma bakinsa yini ya tafi.

Kuma zane ba shi ne farkon aikin ba. Ana fara rubuta labari, a zana shi a 'yan ƙananan akwatuna jere da jere don a san inda kyamara za ta tsaya. Sannan a ɗauki muryoyi tun kafin a zana baki, domin a kan muryar ake auna buɗewar leɓe da rufewarsa. Nan ne ake gane gwani. Abin da ke sa yaro faɗuwa da dariya sau da yawa ba maganar ba ce, ɗan jinkirin nan ne da kura ke yi tana kallon ramin kafin ta gane ta faɗa. A ƙara zane huɗu dariya ta zo, a rage huɗu ta mutu.

Wannan sana'a tana da uba a yankinmu, kuma abin takaici ne yadda matasanmu ba su san sunansa ba. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942 a N'Dougou. Tun yana yaro yake yanka kwali ya yi siffar dabbobi, ya haska fitila a bayansu, inuwarsu ta yi wasa a gaban 'yan garinsu. Kanikanci ya fara koya. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, daga nan hanya ta buɗe masa zuwa Kanada, inda ya ga aikin mai shirya katun Norman McLaren a hukumar fina-finai ta ƙasar. Fim ɗin Alassane La Mort de Gandji, labarin fadar wani sarkin kwaɗi, ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zanen layi baƙi da fari, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa maƙwabciya, aka yi ta faretin soja da jawabai. Shekara shida kacal da samun 'yancin Nijar, ya sa kwaɗo ya faɗi abin da ɗan jarida ba zai iya bugawa ba.

Daga baya ya koma ga 'yan tsana. Samba le Grand na 1977 da su aka yi shi, haka ma Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke shiga filin kokawa kamar yadda ake yi a gasar takobi ta Nijar. Aikin 'yar tsana ya fi na takarda cin rai. Ana yi mata ƙashi da waya, a tsayar da ita gaban kyamara, a lanƙwasa ƙafarta kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a janye hannu, a sake lanƙwasawa. In gwiwar hannunka ta taɓa fitila haske ya gusa, aikin safiya ya lalace. Alassane ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekaru masu yawa, sannan ya tare a Tawa, ya buɗe otal, ya mai da wani ɓangarensa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Allah ya jiƙansa.

Yau kwamfuta ta sauƙaƙa rabin wahalar. Manhajar Blender kyauta ce, akwai kuma waɗanda ake zane da su a waya da ɗan yatsa. A Abuja, Adamu Waziri ya kafa Bino and Fino, katun na wasu yara biyu 'yan Najeriya, ya nuna cewa ana iya yin abin a gida. Amma kwamfuta ba ta san yadda tsohuwa ke gyara ɗaurin zane kafin ta zauna ba, ba ta san yadda maroƙi ke karkata hula ba. Sai mai ido, wanda ya zauna ya kalli mutane. Kuma har yanzu aikin na son wata da watanni, da wutar lantarki, da wanda zai ciyar da mai zanen kafin fim ya fito. Nan gizo ke saƙar. Mai kuɗi ya fi son wasan da zai ɗauka wannan makon ya ɗora a YouTube mako mai zuwa.

A ganina wannan lissafi gajere ne. Wasan barkwanci yana tsufa tare da yayinsa, katun mai kyau kuwa ba ya jin shekaru. Tom and Jerry tun 1940 suke guje-guje, kakanni sun kalla, jikoki na kalla. Katun ɗin Kirikou na Michel Ocelot, wanda ya fito a 1998, daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma aka ɗebo shi, kuma da wuya ka samu yaro a ƙasashen rainon Faransa da bai san ɗan mitsitsin jaririn nan da mayya Karaba ba. Mu kuwa Gizo da Ƙoƙi, da Dodo, da Ɓotorami, da 'yar bora da 'yar mowa, duk suna nan ajiye, ba wanda zai nemi kuɗin haƙƙin mallaka a kansu. Wasu iyaye na ɗari-ɗari da zanen abu mai rai, kuma damuwarsu abin girmamawa ce, a kai ta gaban malamai. Sai dai kafin a gama tattaunawa, yaran na can gaban talabijin suna kallon zanen wasu, da tarbiyyar wasu.

Zango ba ta rasa masu hali. Akwai 'yan kasuwar da kayansu ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, akwai masu canji, akwai masu motocin da ke bin hanyar Parakou zuwa Malanville. A kowace makarantar allo kuma akwai yaron da ke iya zayyana, hannunsa bai rawa. Alhazanmu, ku nemo irin wannan yaro, ku saya masa kwamfuta, ku biya masa kuɗin koyo, ku ba shi shekara biyu ba tare da tambayar riba ba. Ku ce ya fara da tatsuniya ɗaya ta minti biyar, da muryar wata gwoggo ta cikin unguwa.