Tsofaffin Bawul da Bambancin Amonsu

A wannan ɗan rubutu ina so in yi bayani a kan wata muhawara da ta daɗe tsakanin ma'abota kayan sauti, wato ko tsofaffin bawul na rediyo da amfilifaya suna da murya irin tasu. Na zaɓo batun ne saboda yana da alaƙa da abin da muke karantawa a ilimin furuci.

Bawul 'yar kwalba ce ta gilashi mai kama da ƙwan lantarki, wadda aka zuƙe iskar cikinta. Aikinta shi ne ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro ta farko a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya samar da mai ƙara ƙarfi a 1906. Taransisto da aka ƙirƙiro a 1947 ya ture ta daga gidaje, amma makaɗan jita da masu ƙwaƙƙwafin sauraro sun ƙi rabuwa da ita.

Mai karatu zai tuna cewa amo ba shi kaɗai yake tafe ba. In tsirkiya tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, wannan ita ce uwar amo, kuma tana tare da 'ya'yanta masu kaɗawa sau 440 da 660 da sauransu. Wasulan /a/ da /i/ sun bambanta ko da an furta su da karin sauti ɗaya, domin bakin mutum yana ƙarfafa wasu 'ya'yan, ya danne wasu. To, bawul ma takan ƙara wa sauti 'ya'yan da babu su tun asali, musamman in an matsa mata. Ɗa na biyu ninkin uwar ne cif, shi ya sa kunne ke jin sa a matsayin kauri. Na uku da na biyar kuwa, in sun yi yawa, kaushi suke kawowa.

A nan ne 300B ta kamfanin Western Electric, wadda ta fito a 1938, ta yi suna. In aka sa ta ita kaɗai, abin da take bayarwa bai wuce wat 8 ba, amma ɗa na biyu ne ya fi yawa a ƙarin nata, don haka muryar mawaƙi kan fito da taushi. Ita kuwa 6L6 da RCA ya fitar a 1936, ana yawan haɗa ta bibbiyu, tsarin da ke soke ɗa na biyu. Fender ya yi amfani da ita, kuma makaɗa na yabonta da amo garau mai nauyin ƙasa. EL34 ta Turai, wadda Marshall ya ɗauka a shekarun 1960, an san ta da gurnani a tsakiyar amo, yayin da ƙaramar EL84 ta cikin Vox AC30, irin wanda Beatles suka yi kiɗa da shi, take da amo mai kama da ƙararrawa.

Inda nake da ja shi ne wajen masu cewa ECC83 ta Mullard ta fi ta Telefunken "ɗumi". Lamba ɗaya ce, ma'auni ɗaya aka bi wajen ƙera su. A ganina taransifoma da lasifika da yadda aka haɗa amfilifayar sun fi sunan kamfani tasiri nesa ba kusa ba, ga shi kuma bawul takan raunana da yawan aiki, ta yadda biyu daga masana'anta guda kan saɓa. Kalmar "ɗumi" ɗin ma aro ce daga abin da fata ke ji, kamar yadda mu muke aro daga harshe mu ce murya mai zaƙi, kuma mutum biyu kan faɗe ta alhali kowa da abin da yake nufi.