Masu Biyan Kuɗi Don Fatarsu Ta Yi Duhu

Yau za mu leƙa Turai da Amurka da Ostireliya, inda ɗimbin masu farar fata ke kashe kuɗi, wasu har su rasa ransu, don kawai fatarsu ta yi duhu ta koma wankan tarwaɗa.

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce ba haka abin yake ba. A Turai ta wancan zamani, fatar da rana ta dafa alamar talaka ce mai wuni a gona, matan masu hali kuwa ba sa fita sai da laima da safar hannu da faffaɗar malafa. Da masana'antu suka kwashe talakawa daga gonaki suka cusa su cikin gine-ginen da rana ba ta shiga, sai lissafi ya juye. Talaka ya koɗe, mai kuɗi kuma shi ke da sukunin zuwa bakin teku ya miƙe ƙafa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Coco Chanel, shahararriyar mai zayyana tufafi a Faransa, wadda a 1923 ta dawo daga yawon jirgin ruwa a kudancin ƙasar da fatarta a ƙone, matan birnin Paris suka ce ai wannan ne sabon yayi. A 1935 kamfanin L'Oréal ya fito da man shan rana mai suna Ambre Solaire, shekara guda bayan haka kuma Faransa ta kafa dokar ba ma'aikata hutun mako biyu da albashinsu. Jiragen ƙasa suka cika maƙil da masu tafiya bakin teku, kowa na son ya dawo wurin aiki da shaidar hutu a jikinsa.

To mene ne ke faruwa a cikin fata idan ta yi wannan duhun? A cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, ana ce masa UV, kuma iri biyu ne ke isowa jikin ɗan Adam. Na farko, UVB, shi ke ƙona saman fata ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ta saɓule. Na biyu, UVA, ba ya yawan ƙuna, amma ya fi nutsawa ciki, yana lalata zaruruwan da ke riƙe fata ta yi sumul. Dukansu biyu suna yi wa ƙwayar halitta ta DNA rauni. Idan ƙwayoyin fata suka ji wannan rauni, sai su aika saƙo ga masu sarrafa melanin, sinadarin da ke ba fata launinta, su ƙara yawansa don ya yi wa ƙwayoyin rumfa. Wato duhun ba ya zuwa sai an riga an yi ɓarna. Shi ya sa likitocin fata ke cewa babu wani duhun rana da za a kira mai lafiya. Kariyar da wannan duhu ke bayarwa ma ba ta taka kara ta karya ba, ba ta wuce maki 3 zuwa 4 a ma'aunin ƙarfin kariya daga rana da ake kira SPF, alhali likitoci na son a shafa man kariya mai maki 30 ko fiye.

Akwai wani hoto da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2012, wanda ya zagaya duniya. Fuskar wani dattijo ce ɗan shekara 69 a Amurka, wanda ya yi shekara 28 yana tuƙa motar rarraba kaya. Ɓangaren dama na fuskarsa daidai yake da shekarunsa. Ɓangaren hagu kuwa, mai kallon tagar direba, ya yi kauri, ya yamutse, ya zazzago, kai ka ce fuskar wani tsoho ce daban aka haɗa masa. Gilashin mota yana tare yawancin UVB, amma UVA na ratsa shi ya wuce.

Tsufan fata shi ne mafi sauƙi cikin illolin. Babbar illar ita ce sankarar fata, musamman nau'in da ake kira melanoma, wadda ke farawa kamar ɗan tabo baƙi sannan ta bazu zuwa huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ya nuna cewa a 2020 kimanin mutum 325,000 ne suka kamu da ita, wajen 57,000 kuma ta yi ajalinsu. Ostireliya da New Zealand ne kan gaba, ƙasashen da Turawa masu farar fata suka zauna a ƙarƙashin rana mai tsananin ƙarfi. A Ostireliya ana ƙiyasta cewa mutum biyu cikin uku za su gamu da wani nau'in sankarar fata kafin su cika shekara 70. Tun 1981 ake yi wa yaran ƙasar gangami a talabijin cewa su sa riga, su shafa man kariya, su kifa hula.

Ana cikin wannan fama sai 'yan kasuwa suka shigo da rana cikin ɗaki. A shekarun 1970 wani Bajamushe, Friedrich Wolff, ya ƙera gadon gasa fata, akwati ne dogo mai murfi, sama da ƙasa jere da fitilun UV. Mutum zai tuɓe, ya sa ɗan tabarau, ya kwanta, a rufe shi na 'yan mintoci, ya biya ya tafi. Aka tallata shi a matsayin rana mai tsafta, wadda aka auna, marar ƙuna. Shagunan suka bazu a biranen Turai da Amurka, kuma 'yan mata ne mafi yawan masu zuwa, musamman gab da biki ko tafiya hutu.

Clare Oliver tana cikin irin waɗannan 'yan mata a birnin Melbourne na Ostireliya. Ta shiga gadon gasa fata tun tana sabuwar budurwa, ta kuma sha rana a bakin teku kamar sauran tsararrakinta. Tana da shekara 22 aka gano tana da melanoma. A makonninta na ƙarshe, a 2007, ta bari 'yan jarida suka shiga har gadon asibitinta, ta roƙi matasa kada su bi sawunta, ta kuma nemi gwamnati ta sa wa shagunan linzami. Ta rasu a watan Satumba na shekarar, makonni kaɗan bayan ta cika 26. Babu likitan da zai iya rantsuwa cewa gadon ne kaɗai ya jawo mata cutar, amma muryarta ta yi abin da tarin rahotanni suka kasa. Jihar Victoria, inda Melbourne take, ta tsaurara doka, daga baya kuma, a farkon 2015, kusan duk jihohin Ostireliya suka haramta sana'ar baki ɗaya.

Kafin nan, a 2009, IARC da ke birnin Lyon ta saka waɗannan na'urori a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, rukuni ɗaya da taba sigari. Ta ce wanda ya fara shiga gadon kafin ya kai shekara 30, haɗarin kamuwarsa da melanoma na ƙaruwa da kashi 75 cikin ɗari. A shekarar ce Brazil ta haramta su. Ingila ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 tun daga 2011, Amurka kuma ta ɗora musu harajin kashi 10 cikin ɗari a 2010. Masu shagunan sun daɗe suna fakewa da batun bitamin D, amma UVB ne ke sa jiki ya samar da shi, gadajen kuwa yawancin haskensu UVA ne.

Me ya sa wasu ke komawa duk da gargaɗi? Wani bincike da aka buga a 2014 daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston ya nuna cewa fatar ɓeraye da aka haska wa UV tana fitar da endorphin, sinadarin da ke rage zafi ya sa jin daɗi, har ɓerayen suka nuna alamun sabo irin na masu shan ƙwaya. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma likitocin fata sun san marasa lafiyar da aka yanke wa tabon sankara suka sake komawa shagon.

Hanyar samun duhu ba tare da rana ba kuwa, a asibitin yara aka yi tuntuɓe da ita. A shekarun 1950 wata mai bincike a Jami'ar Cincinnati, Eva Wittgenstein, tana ba yara masu wata cutar gado wani nau'in sukari mai suna DHA su sha. Wani lokaci yaro ya yi tumbiɗi, ruwan ya zuba masa a haɓa ko a hannu, bayan 'yan sa'o'i sai wurin ya yi ruwan ƙasa, alhali rigarsa ba ta rine ba. Matar ta shafa a fatarta, ita ma ta ga launin ya fito. Abin da ke faruwa shi ne sukarin yana haɗuwa da sinadaran furotin da ke cikin mataccen saman fata, haɗuwar da wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana tun 1912, wadda ita ce ke sa ɓawon burodi ya yi ja a tanda. Ba ruwan melanin a nan, ba ruwan hasken rana. Wadda ta san lalle ta san yadda abin yake: launi ne da ke kama mataccen saman fata, yana kuma dusashewa yayin da fatar ke zubewa, cikin mako guda ko kwana goma.

A 1960 kamfanin Coppertone ya fito da nasa man mai suna QT. Na farkon nan ya sha ba'a, domin mai shafa shi kan wayi gari da launin ruwan lemo, da tabbai a gwiwar hannu da tafin hannu. Na yanzu sun fi kyau, amma har yau aikin na son haƙuri. Sai an goge jiki sosai tukuna, domin inda fata ta yi kauri, kamar gwiwa da idon sawu, ya fi shan sinadarin ya yi baƙi ƙirin. Ana shafawa da safar hannu, a bar jiki ya bushe, a ƙaurace wa wanka da gumi na sa'o'i. Launin kan fara fitowa bayan awa biyu zuwa huɗu, ya ci gaba da nuna har washegari, tare da wani ɗan wari mai kama da na biskit da masu amfani da shi ke yawan ƙorafi a kai, ga kuma zanin gado da kan ɓaci. Masu kuɗi kan je shagon feshi, su tsaya cikin 'yar rumfa da hular leda a kai, a fesa musu daga fuska har ƙafa.

A nan akwai gargaɗi biyu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DHA ne don shafawa a bayan fata kawai, ban da leɓe da kewayen ido, ban da shaƙa, abin da ke da wuyar kaucewa a rumfar feshi in ba a toshe hanci an kare ido ba. Na biyu kuma shi ne wanda ke cin mutane: wannan launi ba ya kare fata daga rana. Mace za ta ga jikinta ya yi duhu ta ɗauka ta yi sulke, ta shiga rana ta ƙone kamar ba ta shafa komai ba.

Duk da haka, man shafawar shi ne mai dama-dama idan aka kwatanta shi da sauran hanyoyin. Ƙwayoyin haɗiya masu sinadarin canthaxanthin, wanda asalinsa rinin abinci ne, suna taruwa a bayan ido su zama ƙananan duwatsu masu ruwan ɗorawa, kuma FDA ba ta amince a sha su don rina fata ba. Sai melanotan II, wanda aka fara haɗawa a Jami'ar Arizona a shekarun 1980, yanzu kuma ake sayarwa a intanet, allura ko feshin hanci, ba da lasisin kowace hukuma ba. Yana tilasta wa jiki fitar da melanin, yana kawo tashin zuciya da jan fuska, yana sa tabbai su ƙara baƙi ko sababbi su fito, ga shi kuma mai saye bai san abin da aka zuba a kwalbar ba. Hukumomin lafiya a Birtaniya da Ostireliya sun sha jan kunne a kansa, amma masu talla a TikTok da Instagram ba su fasa ba.

Mai baƙar fata zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce, kuma gaskiya ne melanin mai yawa na rage haɗarin ƙwarai. Sai dai akwai waɗanda batun ya shafa kai tsaye a ƙasar Hausa. Zabiya ba su da wannan rumfa ta melanin, kuma sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su da ƙuruciya a Afirka, don haka hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya magani ne a wurinsu. Masu bilicin ma, da ke shafa mayukan da ke danne melanin, suna rage wa kansu kariyar da aka haife su da ita, a ƙasar da rana ke dukan tsakar ka.

Akwai kuma wata melanoma da ba ta da alaƙa da rana, wadda ita ce ta fi kama baƙar fata, tana fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Ita ce aka gano a babban yatsan ƙafar mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1977, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ya rasu a Miami a watan Mayun 1981 yana da shekara 36. Likitoci na cewa duk baƙin tabo a waɗannan wurare da ke girma, ko ya sauya kama, ko yake zubar da jini, ko miki da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti a duba tun yana ƙarami.