Hana Hukumomin Gwamnati Sayen Kayan Fasaha Daga Ƙasashen Abokan Hamayya: Misalin Amurka

Idan gwamnati ta sayi tebur ko kujera, ciniki ya ƙare da zarar an biya kuɗi an ɗauki kaya. Ba haka lamarin yake ga kwamfuta da manhajar da ke sarrafa ta ba. Kamfanin da ya ƙirƙiri manhaja yakan ci gaba da aiko mata da gyare-gyare ta intanet, wato abin da ake kira sabuntawa, ita kuwa na'urar takan karɓa ba tare da ma'aikacin da ke zaune gabanta ya san abin da aka zuba mata ba. Ke nan mai sayarwa ya miƙa ɗaki, amma ya riƙe makulli guda. Wannan shi ne tushen dokokin da ke hana hukumomin gwamnati sayen kayan fasaha daga kamfanonin ƙasashen da ake zaman doya da manja da su.

A watan Satumba na 2017, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka ta ba hukumomin tarayya kwana 90 su fara cire manhajar Kaspersky, wani kamfanin Rasha, daga kwamfutocinsu. Aikin wannan manhaja shi ne kare kwamfuta daga miyagun manhajoji. Domin ta yi hakan, dole a ba ta izinin leƙa kowane fayil, kamar dai maigadin da aka damƙa wa makullan gida gaba ɗaya. Kamfanin ya musanta cewa yana yi wa gwamnatin Rasha aiki, ya kuma kai ƙara kotu, amma aka kori ƙarar a 2018. A 2024 haramcin ya wuce ofisoshin gwamnati, aka hana sayar da manhajar ga kowa a ƙasar.

Dokar da ta fi wannan faɗi ita ce Sashe na 889 na dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2018. Ta ambaci kamfanonin ƙasar Sin guda biyar: Huawei da ZTE da Hytera masu kayan sadarwa, sai Hikvision da Dahua masu kyamarorin tsaro. Daga 2019 aka hana hukumomi sayen kayansu. Daga 2020 kuwa aka hana su ba da kwangila ga duk kamfanin da ke amfani da irin waɗannan kaya, ko da ba a aikin gwamnati yake amfani da su ba. Ita ma Birtaniya ta yanke shawara a 2020 cewa a cire kayan Huawei daga layukan sadarwarta na 5G kafin ƙarshen 2027.

Abin lura a nan shi ne, hujjar da aka fi dogara da ita ba laifin da aka kama wani kamfani yana aikatawa ba ne. Ana duba dokar ƙasar da kamfanin yake ƙarƙashinta ne. Alal misali, dokar leƙen asiri ta ƙasar Sin ta 2017 ta wajabta wa ƙungiyoyi da 'yan ƙasa taimaka wa hukumomin leƙen asiri. Saboda haka ko da shugabannin kamfani masu gaskiya ne, tambayar ita ce ko suna da ikon cewa a'a ranar da gwamnatinsu ta nemi a buɗe mata ɓarauniyar hanya. Amurka kuwa ta san wannan dabara ciki da bai. A 2020 aka gano cewa hukumar CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma sun mallaki kamfanin Crypto AG na Suwizalan a asirce tun 1970, kamfanin da ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙonni. Dama Bahaushe ya ce wanzami ba ya son jarfa.

Sai dai haramci yana da tsada. Ƙananan kamfanonin waya na karkarar Amurka sun daɗe suna sayen kayan Huawei da ZTE saboda arharsu. Majalisa ta ware dala biliyan 1.9 a 2020 domin a cire su a maye gurbinsu, amma kuɗin da aka buƙata ya kusan dala biliyan 5, har sai da aka amince da ƙarin kimanin biliyan 3 a ƙarshen 2024. Ɗaya ɓangaren ma yakan rama: a 2023 ƙasar Sin ta hana masu kula da muhimman cibiyoyinta sayen kayan kamfanin Micron na Amurka.

Bugu da ƙari, rufe ƙofa ga baƙo bai hana ɓarawo biyowa ta hannun ɗan gida ba. A watan Disamba na 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin sabuntawar da kamfanin SolarWinds na jihar Texas ke aika wa abokan cinikinsa. Kimanin 18,000 daga cikinsu suka sauke ta, aka kuma kutsa cikin Ma'aikatar Baitulmali da ta Kasuwanci, har da ita kanta Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida da ta kori Kaspersky shekara uku kafin nan. Gwamnatin Amurka ta ɗora alhakin kutsen a kan hukumar leƙen asirin ƙetare ta Rasha, zargin da Rasha ta musanta.