Ƙungiyar Notts County: Tarihinta da Sakamakon Wasanninta na Baya-bayan Nan

1.0 Gabatarwa

Yawancin masu sha'awar ƙwallon ƙafar Ingila a ƙasar Hausa manyan ƙungiyoyi kawai suka sani, watau waɗanda ake nuna wasanninsu a gidajen kallo. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi, kuma a wurinsu ne aka fi ganin yadda wasan ya zama wani ɓangare na al'adar mutanen garuruwan ƙasar. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, watau Notts County ta birnin Nottingham, wadda aka kafa a 1862, kuma ake ɗaukarta a matsayin mafi tsufa a duniya cikin ƙungiyoyin da suka mai da ƙwallo sana'a. Za a bi tarihinta a taƙaice, sannan a tsaya a kan abin da ya same ta daga 2002 zuwa 2025, domin a ga abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi da abin da ke raya su.

2.0 Tsarin Rukunan Gasar Ingila

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fahimci tsarin gasar. An shirya ƙungiyoyin Ingila hawa-hawa ne kamar matakala. Rukuni na ɗaya, watau Firimiya, yana da ƙungiyoyi 20, rukunai uku da ke biye da shi kuwa kowanne yana da 24, jimla 92 ke nan. Waɗannan ukun su ne ke ƙarƙashin tsohuwar Gasar Lig wadda aka fara a 1888. Daga rukuni na biyar zuwa ƙasa, sai a ce ƙungiya ta fita daga Lig. A ƙarshen kowace kakar wasa, waɗanda suka fi maki sai su hau rukunin sama, na ƙarshe kuma su gangara. Akwai kuma wasannin cike gurbi, inda wasu ƙungiyoyi da suka yi kusa da hawa ke karawa domin gurbi guda da ya rage.

Ƙofar da ke tsakanin rukuni na huɗu da na biyar ita ce mafi ƙunci. Kafin 1987 ƙuri'a ake jefawa a kan ko ƙungiyar da ta zo ƙarshe za ta ci gaba da zama, kuma galibi akan bar ta. Daga 1987 ne aka buɗe gurbi ɗaya, aka ƙara na biyu a 2003. Saboda haka faɗawa rukuni na biyar abu ne mai sauƙi, fitowa ce ke da wuya.

3.0 Asali da Shekarun Farko

Notts County ta girmi Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila da shekara guda, domin a 1863 aka kafa hukumar, ta kuma tsara dokokin wasan. Ƙungiyar Sheffield, wadda aka kafa a 1857, ta girme ta, sai dai ita ba ta taɓa shiga Lig ba. Kalmar “Notts” gajarce sunan lardin Nottinghamshire ce, “County” kuwa lardi take nufi. A 1888 ƙungiyar tana cikin 12 da suka fara Gasar Lig. Ta zo ta uku a rukuni na ɗaya a kakar 1890/91 da ta 1900/01, kuma wannan ne matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa. Ta sha kashi a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1891 a hannun Blackburn Rovers, amma a 1894 ta ci kofin bayan ta doke Bolton Wanderers da ci 4 da 1, inda Jimmy Logan ya jefa ƙwallo uku. A lokacin tana rukuni na biyu ne, kuma ita ce ta farko da ta ci kofin daga wajen rukuni na ɗaya. Ta yi shekaru tana aron filin wasan kurket na Trent Bridge, har ta koma nata filin na Meadow Lane a 1910.

Rigar ƙungiyar mai ratsin baƙi da fari ita ta jawo mata laƙabin “Magpies”, sunan wani tsuntsu ne mai baƙi da fari, dangin hankaka. Wannan riga ta yi tafiyar da masu ita ba su yi ba. A 1903 ƙungiyar Juventus ta birnin Turin a Italiya ta bar riga mai ruwan hoda, ta koma ga ratsin baƙi da fari da aka aiko mata daga Nottingham ta hannun wani Bature ɗan Ingila da ke yi mata wasa. Juventus ba ta manta ba, domin ranar da ta buɗe sabon filinta a watan Satumba 2011, Notts County ta gayyata, aka tashi ɗaya da ɗaya.

4.0 Hawa da Gangara, 1947 zuwa 1998

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar tana rukuni na uku, amma a 1947 ta ba mutane mamaki da ta sayi Tommy Lawton, ɗan wasan gaban Ingila, daga Chelsea a kan fam 20,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a Birtaniya kafin nan. Nan da nan 'yan kallo suka yi ta tururuwa, ƙungiyar kuma ta zo ta ɗaya a rukuninta a 1950. A 1955 mutum 47,310 suka shiga Meadow Lane kallon wasan Kofin FA da York City, adadin da ba a sake kaiwa ba. Bayan wannan sai komaɗa ta biyo, har ƙungiyar ta tsinci kanta a rukuni na huɗu.

Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Jimmy Sirrel, mutumin Sikotland, wanda ya zama mai horar da 'yan wasanta a 1969. Ya ci rukuni na huɗu a 1971, ya hau na biyu a 1973, kuma bayan ya tafi ya dawo, ya kai ta rukuni na ɗaya a 1981. A wannan shekara ce ƙungiyar ta sayi John Chiedozie, ɗan wasan gefe na Nijeriya, daga Orient a kan fam 600,000, ya yi mata wasa har 1984 da ta faɗo. Duk da wannan ƙoƙari, inuwar maƙwabta ta rufe ta, domin Nottingham Forest, wadda filinta ke tsallaken kogin Trent, ta ci Kofin Turai a 1979 da 1980.

Neil Warnock ya sake ɗaga ta matakai biyu a jere, a 1990 da 1991, amma ta faɗo a 1992. Wannan faɗuwa ta zo a mugun lokaci, domin a shekarar ce aka kafa Firimiya, kuɗin talabijin suka fara kwarara zuwa ga waɗanda ke sama. Notts County ta rasa wannan rabo da tazarar kaka guda. Ta ci kofin da ake yi tsakanin ƙungiyoyin Ingila da Italiya a 1995, sannan a kakar 1997/98, a hannun Sam Allardyce, ta ci rukuni na huɗu da maki 99, tun watan Maris ma aka san ita ce zakara.

5.0 Matsalar Kuɗi da Mallaka

Daga nan matsalar ta tashi daga fili ta koma ofis. A 2002 bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, aka miƙa ta ga masu kula da dukiyar kamfanin da ya karye, ta shafe kimanin shekara ɗaya da rabi a hannunsu. Sai a ƙarshen 2003 aka cece ta, bayan magoya baya sun kafa gidauniya sun yi ta tara kuɗi. Daga baya wannan gidauniya ta zama mai rinjayen hannun jari.

A 2009 wani kamfani mai suna Munto Finance ya zo da alkawarin dukiya mai yawa daga Gabas ta Tsakiya. Magoya baya suka yi ƙuri'a, suka miƙa masa hannun jarinsu kyauta. Aka ɗauko Sven-Goran Eriksson, tsohon mai horar da 'yan wasan Ingila, aka ɗauko Sol Campbell da mai tsaron gida Kasper Schmeichel. Campbell wasa ɗaya ya buga ya yi sallama. Kafin shekara ta ƙare ta bayyana cewa kuɗin da aka yi alkawari babu su, aka sayar da ƙungiyar a kan fam ɗaya, sannan a Fabrairu 2010 Ray Trew ya karɓe ta tare da bashinta. Abin mamaki, 'yan wasan da aka tara sun ci rukuni na huɗu a wannan kakar. Amma biki ya wuce ya bar wankin tukwane, domin ƙungiyar ta koma rukuni na huɗu a 2015, ta sake canza hannu a 2017.

A 2018 ta kai wasannin cike gurbi, Coventry City ta fitar da ita. Shekara guda bayan haka, a watan Mayu 2019, ta sha kashi a Swindon da ci 3 da 1, ta faɗa rukuni na biyar, karo na farko tun 1888. Ta rasa kirarinta na mafi tsufa a Lig, hukumar haraji ta kai ta kotu tana neman a rushe ta, ma'aikata kuma suka rasa albashi. Haɗarin na gaske ne, domin a watan Agustan shekarar aka kori ƙungiyar Bury daga Lig saboda bashi, ita ma kuwa ta taɓa cin Kofin FA har sau biyu.

6.0 Sakamakon Baya-bayan Nan

A watan Yuli 2019 wasu 'yan'uwa biyu mutanen Danmak, Christoffer da Alexander Reedtz, suka sayi ƙungiyar. Suna da kamfanin nazarin alƙaluman ƙwallo mai suna Football Radar, kuma hanyarsu ta saɓa wa ta 2009. Maimakon sayen masu suna, sai su binciko ɗan wasa mai araha wanda alƙaluma suka nuna ƙwazonsa, ya yi daraja, a sayar da shi da riba. Hanyar ba ta ba da sakamako nan take ba. A wasannin cike gurbi, Harrogate Town ta doke su a 2020, Torquay United a 2021, Grimsby Town a 2022.

Kakar 2022/23 ita ce ta fi jan hankali. A hannun Luke Williams ƙungiyar ta tara maki 107, ta jefa ƙwallo 117, Macaulay Langstaff shi kaɗai ya ci 42. Amma Wrexham, wadda 'yan fim biyu daga Amurka ta Arewa suka saya, ta tara maki 111. Da suka haɗu a watan Afrilu, Wrexham ta yi nasara da ci 3 da 2, bayan mai tsaron gidanta Ben Foster ya tare bugun fenariti na Cedwyn Scott a mintunan ƙarshe. Tunda gurbi ɗaya ne na kai tsaye, tilas Notts County ta sake bin wasannin cike gurbi. Ta doke Boreham Wood da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci, sannan ran 13 ga Mayu 2023 ta yi biyu da biyu da Chesterfield a Wembley, ta yi nasara a bugun fenariti da 4 da 3. Scott ɗin nan da ya ɓarar a Afrilu shi ya jefa ta ƙarshe.

Da ta koma rukuni na huɗu, kakar 2023/24 ta nuna ƙarfi da raunin salonta: ta ci ƙwallo 89, an ci ta 86, ta ƙare a ta 14. Williams ya koma Swansea City a Janairu 2024, Langstaff kuma, bayan ya ci 28, aka sayar da shi ga Millwall. Gurbinsa Alassana Jatta ɗan Gambiya ya cike, wanda aka samo daga wata ƙungiyar Danmak. A kakar 2024/25 ƙungiyar ta zo ta shida, AFC Wimbledon ta fitar da ita a wasannin cike gurbi, aka sallami mai horarwa Stuart Maynard, aka naɗa Martin Paterson a watan Yuni 2025.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a lura cewa daga 2003 zuwa 2019 Notts County ta ɗanɗana mallaka iri uku: ta magoya baya, waɗanda ke da kishi amma ba su da jari, ta masu alkawarin dukiyar da babu ita, da ta masu tafiyar da ƙungiya bisa lissafi. Tsufa da kofin 1894 ba su hana ta faɗuwa ba, kuma sau uku, a 2003 da 2010 da 2019, ta kai bakin rushewa ba don an fi ta iya wasa ba, sai don an kashe abin da ba a samu ba. Abin da bai canza ba shi ne jama'ar da ke zuwa Meadow Lane, domin a Nuwamba 2022, tana rukuni na biyar, mutum fiye da 16,000 suka shiga kallon wasanta da Yeovil Town. Wannan jama'a ita ce ainihin jarin da duk mai sayen ƙungiyar ke saye, kuma ita ta sa a kowane karo aka sami wanda ya yarda ya ɗauki bashin.