Indiya: Tattalin Arziki Na Gudu, Matasa Na Zaman Jiran Aiki

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau Indiya za mu leƙa. Na san da yawanmu in an ce Indiya, fim da waƙa ne ke faɗo mana a rai, ko kuma asibitocin da manyanmu ke zuwa neman magani. To, akwai wata Indiyar da ya kamata mu sani. Ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a duniya, mutum sama da biliyan 1 da miliyan 400, kuma a 2022 tattalin arzikinta ya wuce na Birtaniya, wadda ta yi mata mulkin mallaka. Amma duk da haka gwamnatinta tana cikin tsaka mai wuya, gida da waje.

Mu fara da zaɓen 2024. Firaminista Narendra Modi ya shiga zaɓen yana cika baki cewa ƙawancensu zai lashe kujeru 400 cikin 543 na majalisar wakilai. Da aka ƙirga ƙuri'a a ranar 4 ga Yuni, jam'iyyarsa ta BJP kujeru 240 ta samu, alhali a 2019 tana da 303. Ana buƙatar 272 kafin a kafa gwamnati, don haka dole ya jingina da ƙananan jam'iyyun ƙawance. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne mazaɓar Faizabad. A nan garin Ayodhya yake, inda Modi ya buɗe katafaren wurin bautar Hindu a watan Janairun 2024, a filin masallacin Babri da aka rushe a 1992. Kowa ya ɗauka wannan kujera a aljihu take. Sai ga shi BJP ta sha kaye a wurin.

Me ya jawo haka? Dalilai suna da yawa, amma babba a ciki shi ne aljihun talaka. Kusan rabin ma'aikatan Indiya har yanzu a gona suke, alhali noma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na arzikin ƙasar ba. Kun ga ke nan mutane da yawa ne ke raba ɗan abu kaɗan. Ɓangarorin da suka fi kawo kuɗi, irin su fasahar kwamfuta da harkar banki, ba sa ɗaukar miliyoyin matasan da ke fitowa neman aiki duk shekara. Wani rahoto da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa rashin aiki ya fi kamari a tsakanin masu digiri fiye da waɗanda ba su yi karatu ba. Wallahi da na karanta wannan sai na ji kamar da mu ake. Kuma ku sani, gwamnatin Indiya tana raba wa mutum kusan miliyan 800 hatsi kyauta, kilo 5 ga kowane mutum duk wata. Wannan taimako ne babba, amma kuma yana nuna maka yawan mutanen da bunƙasar ba ta kai gare su ba.

Akwai kuma batun haɗin kan ƙasa. Musulman Indiya sun kai kusan miliyan 200, amma kujeru 24 kacal suka samu a majalisar wakilai a zaɓen 2024. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2019 ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan samun takarda, amma ta ware Musulmi, abin da ya haifar da zanga-zanga a birane da dama.

To yanzu mu fita waje, don a nan ne komai ke haɗuwa. Indiya tana shigo da sama da kashi 85 cikin 100 na ɗanyen man da take amfani da shi. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, Rasha ta karya farashin manta, Indiya kuwa ta yi ta saye har ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na man da take shigowa da shi. Mai sauƙi na rage tsadar rayuwa a gida. Amma a watan Agustan 2025 Shugaba Trump ya ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan kayan Indiya da dama masu shiga Amurka, rabinsa a matsayin hukunci kan sayen man Rasha. Su wa abin ya fi shafa? Masu ɗinkin tufafi a Tiruppur, masu goge lu'u-lu'u a Surat, da masu kiwon jatan lande. Wato daidai sana'o'in da ke ɗaukar ma'aikata da yawa. Gaba kura, baya sayaki.

Kwanaki kaɗan bayan haka Modi ya tafi birnin Tianjin na China, karon farko cikin shekara bakwai, ya gana da Xi Jinping da Putin. Ita kuwa China ita ce sojojinta suka gwabza da na Indiya a kwarin Galwan a 2020, inda sojojin Indiya 20 suka mutu. Ga kuma Pakistan, wadda suka yi artabun kwana huɗu da ita a watan Mayun 2025. Indiya tana cikin BRICS tare da Rasha da China, tana kuma cikin Quad tare da Amurka da Japan da Ostireliya. Tana son cin moriyar kowane ɓangare, shi kuma kowane ɓangare yana so ta zaɓa.

Ina ruwanmu? Shekaru da dama Indiya na cikin manyan masu sayen ɗanyen man Najeriya, kuma da ta koma wa man Rasha mai rahusa, cinikinmu da ita ya ja baya. Mu ma a Janairun 2025 mun zama abokan hulɗar BRICS. Saboda haka duk ranar da aka zo mana da alƙaluman bunƙasar tattalin arziki, mu yi tambayar da masu zaɓen Indiya suka yi da ƙuri'arsu: aiki nawa aka samar, kuma wa ya samu?

Ku faɗa mana ra'ayinku, da ƙasar da kuke so mu duba a shiri na gaba.