Haƙoran Roba Masu Rawa a Baki: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Yi Dashe

Duk mai tsoho a gida da ke sa haƙoran roba ya san yadda abin yake. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan sai na ƙasa su fara rawa. In ana magana su motsa, in dariya ta zo a kai hannu a rufe baki, in an kawo tsire ko kilishi a ce "alhamdu lillahi, na ƙoshi," alhali ba ƙoshin ba ne, gudun jin kunya ne. Sannu a hankali mutum ya koma kunu da tuwo mai laushi, ya bar nama, jiki ya fara zubewa, iyali kuma su ɗora wa tsufa laifi.

Galibi wanda ya yi haƙoran ake zargi, wai bai auna daidai ba. Sau da yawa ba ruwansa. Ƙashin muƙamuƙi da aikin tauna yake riƙe ƙarfinsa: haƙori ya danna saiwarsa, saiwar ta danna ƙashi, ƙashin ya yi ta sabunta kansa. Da zarar an cire haƙori sai ƙashin wurin ya fara zaizayewa, da sauri a watannin farko, daga baya kuma kaɗan-kaɗan har ƙarshen rai. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama saurin zaizaya nesa ba kusa ba. Ga shi haƙoran sama suna da faɗin ganɗa da za su manne wa, na ƙasa kuwa kan ɗan siririn tudu suke zaune, harshe na ture su ta ciki, kumatu da leɓe ta waje. To in tudun ya lafe, me zai riƙe su?

Nan dashe ya shigo. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashin zomo a shekarun 1950, ya sa wani ɗan ƙarfen taitaniyam a ƙafar zomon. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen kam, sun zama abu ɗaya. A 1965 aka yi wa mutum na farko irin wannan dashe a birnin Gothenburg, kuma ya rayu da shi kimanin shekara 40 yana tauna abincinsa. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, suka yi matsaya cewa wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, abin da ya fi dacewa a fara ba shi shi ne haƙoran roba da ƙarafa biyu ke riƙe da su.

Biyu kacal, ba ƙarfe ɗaya ga kowane haƙori ba. Bayan an ɗauki hoton ƙashi an ga kaurinsa, sai a yi allurar kashe zafi, a buɗe dasashi, a ɗaura ƙananan kusoshi biyu a gaban muƙamuƙin ƙasa, inda ƙashi ya fi saura. A bar su kamar wata uku su kama. Sannan a ɗora musu kawuna da za su ɗan leƙo saman dasashi, a cikin haƙoran robar kuma a sa ramuka biyu masu zoben roba. In mutum ya ɗora haƙoran ya danna da babban yatsa sai ya ji ƙwas, kamar maɓallin rigar jariri. Ba sa ɗagawa wajen magana, ba sa zamewa wajen tauna, amma da dare sai a ciro su a wanke. Muƙamuƙin sama yakan buƙaci huɗu da jira mai tsawo, don ƙashinsa ya fi laushi, ga kogunan iska na gefen hanci a kusa.

Sai dai ba kowane baki ne ke karɓar dashe ba, kuma a nan nake so a natsu. Mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin ƙarfen ya ƙi kamawa. Mai ciwon suga wanda bai daidaita sugansa ba, rauninsa ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma na samun gindin zama. Wanda ya daidaita kuwa ana yi masa. Wanda aka taɓa yi wa gashin cutar kansa a fuska ko wuya, da mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi ko karɓarsu ta allura, tiyata a muƙamuƙi na iya jawo masa mutuwar ƙashi, matsalar da ta fi rawar haƙori muni ƙwarai. Mai shan maganin tsinka jini ma ya faɗa wa likita. A kwashe duk magungunan da ake sha, da kwalayensu, a tafi da su wurin likita. Kada a ɓoye komai don tsoron a ce ba za a yi ba.

Hoton ƙashin nan ma ba dabarar cin kuɗi ba ce. Akwai jijiya da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, ita ke ba leɓe da haɓa ji. In kusa ta taɓa ta, leɓe na iya mutuwa na watanni, wani lokaci har abada. Saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka dashe ba hoto, ka ɗauki takalminka. Aikin likitan haƙori ne mai rajista, a Najeriya da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa. Mai haɗa haƙoran roba a shago, komai gwanintarsa, ba huruminsa ba ne ya huda ƙashi.

Bayan an gama, aikin bai ƙare ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi suna kamuwa da cuta in datti ya taru, kuma da farko ba zafi. Alamarsa jini wajen goge baki, wari, ko ɗan mugunya a gindin ƙarfen. Kullum sai an goge kawunan nan biyu da buroshi mai laushi, a kuma riƙa komawa a duba. Zoben robar nan yana saki da amfani, lokaci-lokaci sai an sauya shi. Don haka in ana ciniki a tambayi kuɗin duka: hoto, tiyata, kawuna, sababbin haƙora ko gyaran tsofaffin, da na sauyin zobe. Abin da tsada, ba a ɓoye wannan.

Masu zuwa Masar, Indiya ko Turkiyya su yi dashe kuwa, akwai abin da sukan manta. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kusoshi suna da yawa, kuma kayan wannan ba sa shiga na wancan. Ka dawo gida, zobe ya saki ko kan kusa ya kwance, likitan garinku ya duba ya rasa na wane kamfani ne. Kafin a baro asibitin a karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin da girman kusar, a adana ta tare da fasfo.

Wanda ba shi da halin dashe bai rasa mafita ba. Likita na iya yi wa haƙoran ciko ta ciki su sake bin siffar dasashi, da kuɗi kaɗan. Man manna haƙora na kemis yana taimakawa in an sa ɗan kaɗan. Wasu masu lafta shi sun gamu da lalacewar jijiyoyi saboda sinadarin zink da ke cikin wasu nau'o'insa, har kamfanin da ke yin Poligrip ya cire sinadarin a 2010. Sufagulu kuwa, wanda wasu ke liƙe karyayyun haƙora da shi, yana ƙona dasashi, yana kuma ɓata haƙoran yadda gyara zai gagara.

Haƙoran da ke rawa suna gurje dasashi. In gyambo ya fito a ƙarƙashinsu, a cire su a huta. In ya kai mako biyu bai warke ba, ko da ba ya zafi, a kai wa likita ya duba, domin kansar baki ma haka takan fara.